Gas ɗin Firjinki da Rumfar da ke Sama

    

A wannan mako na yi niyyar mu yi zancen shanyar kayan miya, amma wani abu ya faru a unguwarmu wanda ya sa na sake shawara. Akwai wata maƙwabciyata, ba sai na faɗi sunanta ba, tana da wani tsohon firji da ta gada wurin uwar mijinta. Da shi ta ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Da cinikin nan ta ke saya wa 'ya'yanta mata biyu littattafan makaranta, ta ke kuma zubin adashi. Ran nan ƙanƙara ta taru a ciki har ƙofa ta ƙi rufuwa. Maimakon ta kashe shi ta bari ta narke, sai ta ɗauko wuƙa ta shiga sassaƙa. Can sai ta ji "tsss", kamar an huda tayar keke. Kafin la'asar firji ya zama akwati kurum.

Ta aika aka kira mai gyara. Ya zo ya leƙa baya, ya karanta wata 'yar takarda da ke manne, ya ce, "Hajiya, ai wannan R-12 ya ke sha. An daina yinsa tun tuni. Ko na liƙe hujin, ba ni da na ƙwarai da zan ɗura miki." Ita kuwa ta zaci wayo ya ke so ya yi mata, ya saye firjin a banza. Ta yafo mayafi ta shigo wurina ranta a ɓace, ta ce, "Yaya, ke da ki ke karanta jarida, ashe har iska ma hanawa a ke yi?"

Na ce mata yaron nan gaskiya ya faɗa. Da na ga ita ba ta sani ba, sai na ce lalle akwai irinta da yawa cikinmu. Sabo da haka ku gyara zama, yau zancen firji za mu yi.

YADDA FIRJI KE SANYI

Kowace mace ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa shi ne randa tana tsattsafo, ruwan da ya tsattsafo yana bushewa, in zai bushe sai ya tafi da zafin da ke ciki. Haka gumi ke yi wa jikinmu. To, firji ma dabarar ke nan, sai dai shi ba ya barin ruwansa ya gudu. Akwai siraran bututai da suka zagaye shi, cikinsu akwai wani abu mai saurin tashi ya zama iska, shi ne masu gyara ke kira gas. In ya shiga cikin firji sai ya tashi, ya kwashe zafin abinci. Sa'an nan baƙin injin nan mai kama da tukunya da ke ƙasa ta baya, watau kwamfireso, ya matse shi, ya zubar da zafin a waje, ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Abin da ya sa ke nan ki kan ji bayan firji da ɗumi. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda a ke kira esi, ita ma haka ta ke aiki.

Ku riƙe wannan da kyau: gas ɗin firji ba ya ƙarewa kamar kananzir a fitila. Zagayawa ya ke yi shekara da shekaru. In aka ce ya ƙare, to, akwai inda ya yoyo.

ASALIN MAGANAR

Firji na farko-farko da aka yi a ƙasashen Turawa, gas ɗin da ke cikinsu guba ne, kamar su amoniya. In bututu ya fashe da dare, mutanen gida su kan galabaita, waɗansu har su mutu. Cikin 1928 wani Ba'amurke mai suna Thomas Midgley, ma'aikacin kamfanin General Motors, shi da abokan aikinsa suka fito da wani sabon gas, wanda masana ke kira CFC, 'yan kasuwa kuma suka raɗa masa suna Freon. R-12 na firjin maƙwabciyata ɗan gidan nan ne. Cikin 1930 Midgley ya tsaya gaban taron masana, ya shaƙi gas ɗin ya cika ƙirjinsa, ya hura wa kyandir ya mutu, don ya nuna ba ya kisa, ba ya kuma kama wuta. Duniya ta yi murna. Aka sa shi a firji da esi, aka sa shi a gwangwanin feshi na turare da na maganin sauro, aka yi soso da shi. Aka yi shekara arba'in da 'yan kai ba wanda ya ga aibinsa.

Ashe aibin yana can sama inda ido ba ya kaiwa. Tsakanin kilomita 15 zuwa 35 bisa kawunanmu akwai wata iska da a ke kira ozon, ta kewaye duniya duka kamar rumfa. Ba ta da yawa ko kaɗan. Masana sun ce da za a sauko da ita ƙasa a tara, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba, watau kamar kwabo biyu an haɗa. Amma 'yar wannan rumfa ita ke tare wani mugun haske na rana wanda ido ba ya gani, a kan kira shi UV. In hasken nan ya yi yawa ya kan kawo yanar ido da sankarar fata, ya raunana amfanin gona, ya kashe ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci. Baƙar fata tana da kāriya fiye da fara, gaskiya ne, amma ido bai san baƙi ko fari ba. Ga kuma 'ya'yanmu zabiya, waɗanda ko yanzu rana ke wahalshe su ƙwarai. Masu shafe-shafen mai don su yi fari kuwa, su sani kāriyar nan su ke kankarewa da kuɗinsu.

Cikin 1974 waɗansu masana biyu a wata jami'a ta Kalifoniya, Mario Molina mutumin Meksiko da Sherwood Rowland na Amurka, suka yi gargaɗi. Suka ce abin da aka yaba wa gas ɗin nan, watau rashin lalacewa, shi ne babban aibinsa. Ruwan sama ba ya wanke shi, ƙasa ba ta cinye shi. Sannu-sannu ya ke hawa har ya kai rumfar ozon. A can rana ta fasa shi, sinadarin kulorin da ke cikinsa ya kuɓuce, ya shiga cin ozon kamar yadda gara ke cin azara. Ƙwayar kulorin ɗaya tak tana iya ɓata ƙwayar ozon wajen 100,000. Shi kuma R-12 ya kan yi kamar shekara 100 a sama kafin ya ƙare. Kun ga ke nan abin da ya fita daga firjin maƙwabciyata ran nan, sauransa na nan har zamanin tattaɓa-kunnenta.

Da farko masu kamfanoni suka yi gardama, suka ce zato ne kawai. Sai cikin 1985 waɗansu 'yan Birtaniya uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, masu auna iska a Antaktika, ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, suka bayyana cewa kowace shekara wajen watan Oktoba rumfar da ke bisa wurin ta kan zaizaye ƙwarai. Shi ne abin da a ke kira ramin ozon. Ba rami ba ne irin na ɓera. Ku ɗauka kamar zane ne da ya sha wanki har tsakiyarsa ta yi shara-shara. Cikin shekara ta 2000 faɗin wurin ya yi kusa da faɗin Afirka gaba ɗaya.

'Yan makaranta, ku kasa kunne nan. Wadda ta gano dalilin da ya sa ɓarnar ta fi tsanani a wurin nan mace ce, sunanta Susan Solomon, Ba'amurkiya. Cikin 1986, tana da shekara 30, ta shugabanci ayarin masana zuwa Antaktika, cikin sanyin da ya fi na cikin firiza nesa ba kusa ba, ta kuma koma cikin 1987. Ta nuna cewa tsananin sanyin wurin na haifar da waɗansu gizagizai can sama, a jikinsu ne kulorin ke kwancewa, da rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu sai ya far wa ozon. Awon da suka yi ya gaskata maganarta. Yau akwai wani kogin ƙanƙara a can mai sunanta. Molina da Rowland kuma, tare da Paul Crutzen na Holan, sun sami kyautar Nobel cikin 1995. Duk yarinyar da ke gudun darasin kimiyya tana cewa na maza ne, ta tuna da wannan mata.

ALKAWARIN MONTIRIYAL

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran 16 ga Satumba 1987 ƙasashe suka taru a birnin Montiriyal na Kanada suka ƙulla alkawarin rage gas ɗin nan, daga baya suka ƙara ƙarfinsa ya zama na dainawa ɗungum. Wanda ya yi ta faɗi-tashin sasanta su kuwa ɗan Afirka ne, Dokta Mustafa Tolba na Masar, shugaban hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin. Nijeriya ta shiga cikin 1988. Zuwa 2009 ba sauran ƙasa ko ɗaya a duniya da ba ta shiga ba. Don tunawa da ranar ne a ke kiran 16 ga Satumba Ranar Ozon ta Duniya.

An yi abin da adalci. Ƙasashe masu arziki, da ya ke su suka fi ɓarnar, su aka ce su fara, suka daina cikin 1996. Aka kuma kafa asusu don taimakon ƙasashe masu tasowa su sake injinan masana'antunsu, su koya wa masu gyara sabon aiki. Mu an ba mu wa'adi har 1 ga Janairu 2010. Tun daga ranar an rufe yin sabon R-12 don firji da shigo da shi. Sabo da haka in wani ya kawo miki tulu ya ce sabon R-12 ne, ki yi hattara, ko na sumoga ne ko jabu.

Yawancin tsofaffin esi kuwa R-22 su ke sha. Shi ɓarnarsa ga ozon kaɗan ce in an gwada da R-12, shi ya sa aka yi masa jinkiri. Ƙa'idar da aka yanka wa ƙasashe irin namu ita ce a rage kashi 10 cikin 100 a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67 da rabi a 2025, a daina a 2030, sai ɗan kaɗan da za a bari don gyaran tsofaffi har 2040. Ma'anar wannan a gare ki ita ce, kowace shekara R-22 ƙara wuya zai yi.

Da aka kori R-12 sai aka kawo R-134a a firji, da R-410A a esi. Waɗannan ba su da kulorin, ba su taɓa ozon. Amma an gudu ba a tsira ba, gama suna cikin iskokin da ke riƙe zafi su ɗumama duniya. Kilo ɗaya na R-134a ya kai kilo 1,400 da ɗoriya na iskar kabon da ke fita daga hayaƙin mota da itace wajen riƙe zafi. Mu da ke bakin hamada, muna ganin zafin bazara da rikicewar damina, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Sai aka sake zama a Kigali ta Ruwanda ran 15 ga Oktoba 2016, aka yarda su ma a rage su. Mali ce ƙasar da ta fara tabbatar da wannan, Nijeriya ta bi cikin 2018. Ƙasashen Afirka za su rage kashi 80 cikin 100 zuwa 2045.

Wanda a ke yayi yanzu a firjin gida shi ne R-600a. Wani ƙaramin kamfani a gabashin Jamus, tare da ƙungiyar Greenpeace, ya fito da firji mai irin wannan gas cikin 1993. Ba ya taɓa ozon, ɗumamarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Aibinsa ɗaya, yana kama wuta, don dangin gas ɗin girki ne, ko da ya ke abin da a ke sa wa firji ɗaya bai wuce giram 150 ba. A sababbin esi kuma za ki ga R-32 ko R-290, su ma suna kama wuta, na biyun ya fi.

Ko wahalar nan ta biya? Ta biya. An daina wajen kashi 99 cikin 100 na abubuwan da ke cin ozon. Rahoton masana da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin Janairu 2023 ya ce in aka dore, rumfar za ta koma yadda ta ke a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a bisa Antaktika kuwa sai wajen 2066. Ku duba fa, ɓarnar da aka yi cikin rashin sani, gyaranta zai ci kusan shekara 80.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wata za ta ce, "To, ni da ke cikin gida, ina ruwana?" Da ruwanki, uwargida, gama firjin a ɗakinki ya ke, kuɗin gyara kuma sau da yawa daga bakin zanenki ya ke fita. Ga abin da na ke so ki yi.

Na ɗaya, yau ɗin nan ki sa a ja firjin, ki duba 'yar takardar da ke baya, ko cikinsa, ko jikin kwamfireso. Za ki ga harafin R da lamba. In ba ki iya ba, 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki. Ki rubuta ki ajiye.

Na biyu, kada ki kuskura ki sa wuƙa ko wani abu mai tsini ki ɓanɓari ƙanƙara. Bututun yana nan dab da inda ki ke sara. Ki zare waya, ki buɗe ƙofa, ki sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, za ta saki da kanta.

Na uku, in mai gyara ya ce gas ya ƙare, ki ce ya nemo inda ya yoyo ya toshe tukuna. Wanda ya ɗura bai toshe ba, ya zuba ruwa a kwando, bayan 'yan watanni zai dawo ya sake karɓar kuɗinki.

Na huɗu, ki sa maigida ko babban yaro ya tsaya ya ga tulun da za a ɗura, lambarsa ta yi daidai da ta firjin. Kowane inji da irin gas ɗinsa da irin mansa. Gauraya su na kashe kwamfireso. Kada kuma ki yarda a ɗura gas ɗin girki wai don ya fi araha.

Na biyar, in naki R-600a ne kuma ki ka yi zaton ya huje, ki buɗe taga da ƙofa, ki fitar da yara, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, sai iska ta kore shi. Kada kuma a ajiye firji kusa da murhu ko risho.

Na shida, in za ki saya, musamman na gwanjo, ki duba lamba kafin ki duba fenti. Firji mai R-12 ya tsufa ƙwarai, ya kan kuma sha wuta fiye da na yanzu. Esi mai R-22 ma kwanansa ya kusa ƙarewa. Araha ba ta ado. Ƙasar Gana ma tun 2013 ta hana shigo da tsofaffin firji daga waje, don ta ga ana mai da ita juji. Masu haɗa kayan ɗakin amarya, wannan magana taku ce.

Na bakwai, in tsohon firjinki na aiki lafiya, ba ya yoyo, ba wanda ya ce ki jefar. Gas ɗin da ke kulle cikin bututu ba ya ɓarna, sai ya fita. Ki bar masa sarari ta baya ya sha iska, ki share ƙura, ki duba robar ƙofa. Ran da ya mutu, ki nemi mai gyaran da ke da injin zuƙe gas ya zuƙe kafin a ba 'yan jari-bola. Kada a ƙone sosonsa, shi ma a tsofaffin firji da irin gas ɗin nan aka yi shi. A kuma cire ƙofar, kada yaro ya shige wasan ɓuya ta rufe da shi.

Wadda ba ta da firji, ko wutar unguwarsu ba ta zama, kada ta raina kayan gida. Wani malami ɗan Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yalo da ke yanƙwanewa cikin kwana 3 ya kan kai kwana 27 a ciki. Dabarar nan ta sa ya ci kyautar Rolex cikin 2000. Ba za ta yi miki ƙanƙara ba, amma za ta tsare miki tumatir da tattasai da alayyafo, ba gas, ba kuɗin wuta.

Ita maƙwabciyar tawa fa? Mun sake kiran yaron nan, ta ba shi haƙuri. Ya yi mata lissafi, ya ce in za a mai da firjin ya sha wani gas sai an liƙe huji, an wanke bututai, an sake mai, wataƙila har da kwamfireso, kuma bai yi alkawarin zai daɗe ba. Ta ga kuɗin ya yi yawa a kan tsohon abu. Ta roƙi uwar adashi aka ba ta kwasar da ke tafe, maigidanta ya cika, ta sayi 'yar ƙaramar firiza mai R-600a. Amma kafin nan ta yi mako shida ba ciniki, cikin tsakiyar bazara, masu sayen ƙanƙararta suka koma wani gida, har yanzu ba duka suka dawo ba. Wuƙar nan kuwa ta koma kan albasa, inda ta dace.

Duk wadda ta duba bayan firjinta ta ga lambar da ban ambata ba, ta rubuto mini, zan amsa a wannan fili. Mako mai zuwa, in muna da rai da lafiya, za mu koma kan shanyar kuɓewa da tumatir da na yi muku alkawari. Ku gai da yara.

Taku,
Uwargida